Kafin a sayi sabon ampli, a duba waya da batir

Daga Babankatami zuwa Buza har Madawa, da wuya ka ratsa kasuwa ba ka ji ampli na tashi a wata rumfa ba, ko a wurin mai cajin waya ko mai tallar magani. A gida ma uwargida na da nata na wa'azi da waƙoƙin biki. Kukan kowa ɗaya ne: sauti ba kauri, sai ka ce ana buga gwangwani. Daga nan sai a taɓa jari a sayo babba, alhali sau da yawa ampli ba shi da laifi.

A fara da waya. Kowane bafal na da baki biyu, ja da baƙi. Idan aka juya wayar guda, yayin da fatar wannan ke tura iska, ta wancan janyewa take yi, sai su kashe wa juna kauri. A jera su fuska da fuska a saurara, a juya wayar ɗaya a sake saurare. Inda ganga ta fi nauyi, nan ne daidai, kuma ko dala ba a kashe ba.

Bafal da aka aza a tsakar fili ba ya cika kunne. A matsa shi jikin bango, ko kusurwar ɗaki. In akwatin ya tsage, a liƙe.

Sai batun wat, inda ake yi wa mutane romon baka. Kwali zai ce 2000W PMPO, wannan lambar talla ce kawai. Wadda za a tambaya ita ce RMS. Ƙaramin ampli da ke aiki kai tsaye da volt 12 ba ya kai wat 20 a kan bafal mai om 4. Ko an ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji. Sai an ninka kusan sau 10 ƙara ke zama kamar biyu. To Hajiya, kuɗin buhun albasa nawa ke nan?

Masu jona bafal barkatai su ma su kula. Biyu masu om 8 a baki ɗaya sun koma om 4, uku kuwa ba su kai om 3 ba. Ampli sai ya yi zafi ya ƙone, balle a watan Afrilu, ga ƙura ta toshe ramukan shan iskarsa.

Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, har zuwa Maris 2024, 'yan birni da yawa sun koma ga batir da sola, abin da mutanen karkara suka daɗe da sabawa. Batir in ya yi sanyi, kauri ne ke fara tafiya, murya ta soma tsagewa. Ƙara murɗa maɓalli a lokacin shi ke ƙone ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririyar murya. A rage ƙara, a kai batir caji.