Me Ke Sa Nama Mai Tauri Ya Yi Laushi a Tukunya?

Garin Bahindi yana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a yankin da Kogin Kwara yake ratsawa bayan ya baro iyakar Jamhuriyar Benin. Ƙasa ce ta noma da su da kiwo, kuma garkunan Fulani ba sa yankewa a kan hanyoyin da suka haɗa Ka'oje da Illo da garin Tsamiya na bakin iyaka. Duk da wannan arziki na shanu, naman da yake isa teburin mahauci ba kasafai yake zama na ɗan maraƙi ba. Galibi na tsohuwar saniya ne wadda ta daina haihuwa, ko na bijimin da ya gaji da jan garma, ko na dabbar da ta shekara tana yawon neman ciyawa. Irin wannan nama yana da ɗanɗano, amma yana da tauri. Maigida ya sayo shi da tsada, uwargida ta ƙona itace mai yawa, a ƙarshe yara da tsofaffi su kasa taunawa. Ilimin kimiyya ya bayyana inda taurin yake, ya kuma nuna cewa ƙarfin wuta ba shi ne maganinsa ba.

Inda taurin yake

Kusan kashi 75 cikin ɗari na tsokar nama ruwa ne. Sauran ya ƙunshi furotin da kitse da gishirin ma'adinai. Ita tsokar an gina ta da zaruruwa sirara, waɗanda aka ɗaure dami-dami, kamar yadda manomi yake ɗaure dawa. Abin da ya ɗaure su shi ne farin tantanin nan da ake gani idan an yanka nama, wanda yake haɗuwa a ƙarshen tsoka ya zama jijiya. Wannan tantani an yi shi ne da wani furotin da masana suke kira kolajin, wanda ya fi kowane furotin yawa a jikin dabba da na ɗan'adam. A cikin shekarun 1950 masanin nan G. N. Ramachandran na Jami'ar Madras a Indiya, tare da abokin aikinsa Gopinath Kartha, suka nuna cewa ƙirar kolajin igiya ce mai tufka uku. Duk wanda ya taɓa tufka igiyar rama ya san irin ƙarfin da tufka take bayarwa.

Abubuwa biyu ne suke ƙara wa nama tauri. Na farko aiki: tsokar da take wahala, irin ta wuya da kafaɗa da ƙirji da ƙwauri, ta fi yawan kolajin bisa ga ta gadon baya. Na biyu shekaru: gwargwadon tsufan dabba, gwargwadon yadda igiyoyin kolajin suke ƙulluwa da juna da ƙulli mai wuyar kwancewa. Saboda haka ne mai tsire yake zaɓen tsoka marar jijiya, domin wutarsa ta 'yan mintoci ce, ya bar wuya da ƙwauri ga masu tukunya.

Akwai kuma batun lokacin yanka. Sa'o'i kaɗan bayan an yanka dabba, tsokarta takan sandare, sannan a hankali wasu sinadarai na cikin naman su soma sassauta shi. Inda ake da firji akan rataye nama kwanaki domin wannan dalili. A kasuwannin karkara kuwa, zafin gari ba ya barin a yi haka, sai a dafa shi ranar da aka yanka. Ke nan aikin laushin duka ya koma wuyan tukunya.

Abin da zafi yake yi

Idan nama ya shiga tukunya, abubuwa biyu masu karo da juna suke faruwa. Daga wajen digiri 50 a ma'aunin santigireti, furotin ɗin zaruruwan tsoka yakan fara daskarewa, kamar yadda ƙwai yake yi. Da zafi ya kai digiri 60 zuwa 65, sai tantanin kolajin ya tsuke, ya matse ruwan da ke cikin tsoka ya fitar da shi. A wannan mataki ne nama yake ƙanƙancewa ya yi tauri fiye da lokacin da yake ɗanye. Wanda ya sauke tukunya a nan ya sauke ta a mafi munin lokaci.

Amma idan zafi ya haura digiri 70, kuma akwai ruwa, sai tufkar kolajin ta fara warwarewa, tana narkewa ta zama wani abu mai danƙo da ake kira jelatin. Wannan canji ba ya son gaggawa. Yakan ɗauki sa'a biyu zuwa huɗu, ko fiye, gwargwadon tsufan dabba da girman yanka. Idan ya kammala, damin zaruruwa ya rasa maɗauri, sai nama ya yi luguf, romo kuma ya yi kauri. Shaidar haka tana cikin kowane gida: romon ƙafar saniya da ya kwana a lokacin hunturu yakan daskare da safe, ya narke da zarar an ɗumama shi. Jelatin ke nan. Ashe karin maganar da ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa tana da gindi a ɗakin gwaji.

A nan ne ake asarar itace. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce wajen digiri 100, ko da an tura masa itacen daji guda. Ƙarin wuta ba ya ƙara masa zafi, sai dai ya mai da shi tururi ya ƙone. Tukunyar da take tafasa a hankali a rufe, da wadda take zaɓalɓala, kusan zafinsu ɗaya. Bambancin kawai shi ne ɗaya tana cin itace ninkin ɗayar, a yankin da itatuwa suke ƙara nisa da gari.

Aikin tsami

Masu girki a ƙasashe da dama sun lura cewa abu mai tsami yana taimakon nama. A Italiya akwai wani baƙin ruwan khal da ake kira balsamik, wanda garuruwan Modena da Reggio Emilia suka shahara da shi. Na gargajiyarsa ana yin sa da dafaffen ruwan inabi, a ajiye shi cikin gangunan katako aƙalla shekara 12. Iyalai a Turai da Amurka sukan zuba irinsa mai araha a kan ƙaton yankan naman kafaɗa, su bar shi yana dahuwa tun safe har magariba.

Abin da ke aiki a cikinsa asid ne. Asid yana sa kolajin ya kumbura ya sha ruwa, yana raunana wasu daga cikin ƙulle-ƙullensa, saboda haka ya fi saurin narkewa idan zafi ya zo. Zaƙin da ke cikin balsamik kuma yana ƙara wa romo launi da ɗanɗano. To, mutumin Bahindi ba ya bukatar kwalba daga Modena. Tsamiya tana da asid mai suna tatarik, haɗe da sukari, watau tsami da zaƙi a wuri ɗaya. Lemon tsami yana da asid sitirik, tumatir da yakuwa su ma suna da nasu rabon.

Sai dai tsami mataimaki ne kawai. Idan aka jiƙa ƙaton nama a cikinsa, ba ya ratsa abin da ya wuce 'yan milimitoci, kuma idan ya yi yawa sai bayan naman ya ruɓe alhali cikinsa yana nan da tauri. Cokali biyu ko uku na ruwan tsamiya mai kauri sun ishi kilo ɗaya. Haka kuma asid yana cin tukunyar alminiyam, don haka ta ƙasa ko ta silba ta fi dacewa da irin wannan dahuwa mai tsawo. Wasu matan sukan jefa kanwa don gaggauta laushi. Tana yi, amma tana lalata bitamin B1. Wasu kuma sukan naɗe nama da ganyen gwanda, wanda ƙaronsa yake ɗauke da sinadarin fafen mai yanka furotin.

Kafin a zuba ruwa, yana da kyau a soya bayan naman cikin ɗan mai har ya yi ja. A zafin da ya wuce digiri 140, furotin da sukari sukan haɗu su haifar da ƙamshin nan na gasasshen nama. Bafaranshe Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912. A cikin ruwa ba ta samuwa sosai, domin zafinsa bai kai ba.

Tukwane iri-iri, ƙa'ida ɗaya

A 1679 Denis Papin ya ƙera tukunya mai matse tururi, kakar tukunyar firesha ta yau, wadda take kai ruwa wajen digiri 120, ta narkar da kolajin cikin ƙasa da sa'a ɗaya. A ɗaya ɓangaren, Irving Naxon na Amurka ya sami lasisin ƙirar wata tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali a 1940, wadda kamfanin Rival ya fitar da sunan Crock-Pot a 1971. Ita tana riƙe abinci ƙasa kaɗan da tafasa na tsawon sa'a shida zuwa goma. Wannan shi ne aikin da tukunyar ƙasa mai murfi take yi a kan garwashi ko cikin rushi tun kaka da kakanni: yumɓu yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa.

Akwai hatsarin da ya wajaba a kiyaye. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a dafa abinci har cikinsa ya kai digiri 70, a riƙe shi sama da digiri 60 kafin a ci, kuma kada a bar dafaffe a zafin ɗaki fiye da sa'a biyu. Saboda haka dahuwa a hankali ba tana nufin ruwa mai ɗumi-ɗumi ba. A fara da tafasa sosai, sannan a janye itace. Idan wutar lantarki ta ɗauke a tsakiyar dahuwa, ko garwashi ya mutu, a mayar da tukunyar kan wata wuta nan da nan. Cikakkiyar dahuwa tana kuma kashe 'ya'yan tsutsar ciki mai faɗi da akan samu a tsokar shanu.

Gwaji ga malamai da ɗalibai

A sami naman ƙwauri a yanka shi gida uku daidai, a auna nauyin kowanne. A dafa na farko da wuta mai ƙarfi na minti 30. A dafa na biyu da ƙaramar wuta a rufe na sa'a uku. Na uku a yi masa kamar na biyu, amma da cokali ɗaya na ruwan tsamiya. Ɗalibai su tsoma ma'aunin zafi a kowace tukunya su rubuta abin da ya nuna, su sake auna nauyin naman, su gwada yaga shi da cokali mai yatsu. Daga nan a zuba romon kowanne a kofi, a ajiye cikin ruwan ƙanƙara, a duba wanda ya fi daskarewa. A ƙarshe a ƙidaya itacen da kowane murhu ya ci, ɗalibai su kai sakamakon gida su kwatanta shi da abin da iyayensu mata suka daɗe da sani.