Kifin Salmon da Shirin Shiga Teku

Kifin salmon na Tekun Atlantika a cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi, a ƙasashe irin su Norway, Scotland da Kanada. Yakan yi shekara ɗaya zuwa uku a ruwan daɗi, har fiye a arewa mai sanyi, kafin ya gangara teku, inda kowace lita take ɗauke da gishiri kusan giram 35. Da za a jefa shi ciki ba shiri, gishirin zai zuƙe ruwan jikinsa.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun bai ɗanɗani gishiri ba jikinsa ke soma sauyawa, kuma tsawon yini ne ke ba shi labari. Idan rana ta fara daɗewa wajen Afrilu da Mayu, wani ɗan ƙululu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa sai ya ƙara sakin sinadarin girma. Hanta ta amsa da nata sinadarin, IGF-1, sinadarin kotisol ma ya shigo. Su ke tayar da ƙwayoyin gado a gaɓar numfashin kifin: na jawo gishiri daga ruwan kogi su lafa, na fitar da shi su kama aiki. Sunan sinadarin girma ma ya rage masa daraja, domin aikinsa ya wuce ƙara tsawo. A teku kifin zai riƙa shan ruwa, ya rage fitsari. In kuwa madatsar ruwa ta tsare shi har makonnin tafiya suka wuce, shirin ya warware.

Sauyin kama ya fi jawo gardama. Ƙaramin yana da tabo-tabo a gefe kamar shatin yatsu, mai shirin tafiya kuwa fari ne fat kamar azurfa. Masunta a Birtaniya sun daɗe suna rantsuwa cewa kifi biyu ne daban, kuma ba za a ga wautarsu ba, don har an ga namijin mai tabon yana barbarar ƙwai, ga shi bai wuce tsawon tafin hannu ba. Wa zai kira mai haihuwa yaro? Sai a shekarun 1830 John Shaw, mai gadin daji a Drumlanrig ta Scotland, ya reni masu tabon a tafki, tabon ya ɓace a gaban idonsa. Gani ya kori ji.

Mutanen Ireland na da tatsuniyar salmon mai hikima na Kogin Boyne, wanda cin 'ya'yan itace ya ba shi sani. Sanin da aka tabbatar a hanci yake: a lokacin wannan sauyi kifin ke haddace ƙanshin koginsu, da shi kuma yake gane hanyar gida bayan shekara ɗaya ko fiye a teku.