Rile: Ɗan Aiken da ke Tayar da Tsohuwar Mota

A watan Afrilu, lokacin da zafin birnin Sakkwato kan wuce digiri 40, akan ga direban tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar da aka buɗe a Kaduna a 1975, ya murɗa makulli, sai ya ji "ƙas" kurum, mota ta ƙi tashi. Nan da nan sai a ɗora wa batir laifi, alhali sau da yawa lafiyarsa lau.

Ga abin da ke faruwa. Sitata, wato na'urar da ke juya injin har ya kama, tana jan wuta fiye da amfiya 100. A kanta akwai maganaɗisun lantarki da ake kira solonoyid, wanda ke buɗe wa wannan wuta hanya. Shi kansa yana bukatar kimanin amfiya 30, kuma a tsofaffin motoci ta cikin makulli wutarsa ke bi. Idan mahaɗan waya suka yi tsatsa, ga zafi yana ƙara wa tagulla turjiya, sai bolt 12 na batir su ragu kafin su isa.

Maganin wannan shi ne rile, wato ƙaramin makunni da ƴar wuta kaɗan ke sarrafawa. Makulli ya ba da umarni, rile ya ɗauki nauyin. Ƙafafunsa huɗu suna ɗauke da lambobi bisa tsarin Jamus na DIN 72552. Ƙafa ta 30 ana haɗa ta da kan batir mai alamar tarawa, da waya mai kauri da fiyus kusa da batir. Ta 87 tana zuwa ƙafa ta 50 a jikin solonoyid. Ta 86 ita ke karɓar wayar makulli wadda dā take zuwa solonoyid, sa'an nan a ɗaure ta 85 a jikin mota, inda aka kankare fenti.

Kafin a fara aiki, wajibi ne a cire kan batir mai alamar ɗebewa. Kada a maye gurbin fiyus da guntun waya, domin gobara na iya tashi. Haka kuma, in aka haɗa 86 da wayar da ke da wuta muddin injin na aiki, sitata ba za ta daina juyawa ba har ta ƙone.

Malaman kimiyya na iya gwada wa ɗalibai wannan a aji da rile ɗaya, da batir, da ƙwan fitila a madadin solonoyid.