Ruwan Bagaja: wace yarinya ake aikawa ruwa mai nisa?

Jama'a masu saurarenmu a Magarya da Dungas, da ƴan uwa da ke biye da mu daga Kano, Agadas ko Libiya, yau zancenmu a kan tatsuniya ne, amma zancen ruwa ne.

Kusan kowa ya san tatsuniyar Ruwan Bagaja. Yadda aka fi ba da ita, mutum ne da mata biyu, mowa da bora. Aka wayi gari an ɓata shimfiɗa, aka ɗora wa ƴar bora laifi, aka ce ba inda za ta wanke ta sai a Ruwan Bagaja. Ta yi tafiya mai nisa, ta yi haƙuri da ladabi ga duk wanda ta tarar, ta komo da dukiya. Ƴar mowa ta bi sawunta da raini, ta komo da wahala. Wannan suna ne Abubakar Imam ya sa wa littafinsa da ya fito a Zariya a 1934, ko da yake labarinsa dabam ne.

Mu duba da kyau. Ba a aiki ƴar gata ba, ƴar marar gata aka aika. Ke nan tun kaka da kakanni, tatsuniya tana faɗa wa yara cewa wahalar ruwa ba daidai ake raba ta ba.

Haka abin yake a nan. A kwarin Korama, wajen Bande da Waca, ruwa ba shi da zurfi, shi ya sa ake noman rake da kayan lambu. Amma ruwan lambu dabam, ruwan sha mai tsabta dabam. Mai hali yana da amalanke da bido, ko ya sayi na ƴan ga-ruwa. Marar hali kuwa ɗiyarsa ce ke ɗaukar tulu, ta makara zuwa lakwal, in fanfo ya lalace ta koma rijiya buɗaɗɗa ko tafki. Daga nan sai zawo, zawo kuma yana jawo tamowa, ciwon da ƙungiyar likitoci ta MSF ke fama da shi a Magarya tun 2005.

A wasu ƙasashe an mai da irin wannan rayuwa littafin yara. A 2010 Linda Sue Park ta Amurka ta rubuta labarin wata yarinya a Sudan ta Kudu da ke wuni a hanyar ɗibar ruwa. A 2016 aka buga wani a kan yarintar Georgie Badiel ta Burkina Faso. Duka biyun da Ingilishi aka rubuta su, yaranmu ba su gan su ba. A 2010 ɗin ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwa mai tsabta haƙƙin kowane ɗan Adam ne.

Ga inda tatsuniyarmu ta tsaya: ƴar bora ta tsira da haƙuri da sa'a, amma ba wanda ya tambayi maigida dalilin da ya bari aka aike ta. Iyaye mata da malaman lakwal, in kun gama ba yara wannan labari, ku tambaye su: wa ke ɗebo ruwa a gidanmu? Yaya maza na taimakawa? Kuɗin gyaran fanfo, wa ke riƙe da su?

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, don haka ba hujjar jiran wani ya rubuta mana labarinmu da baƙon harshe. Duk mai tatsuniyar rijiya, fari ko yunwa da ya ji wurin kakarsa, ya ɗauki muryarta a salula ya aiko mana. Ƴan uwa na waje kuma, in za ku yi aike gida, ku haɗa da littafin Hausa ko guda.