Viktor Petrenko: Olamfik Uku, Tuta Uku

Yawancinmu a nan Kakau ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ake farfasawa a zuba a kula lokacin zafi. A ƙasashe masu sanyi kuwa, har wasa ake yi a kanta. Ana daskarar da ruwa a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. Ɗan wasa zai sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, ya riƙa sulu yana bin kiɗa, ya daka tsalle ya juya a sama, ya dira da ƙafa ɗaya. Alƙalai ne ke ba shi maki bisa wahalar tsallensa da kyan motsinsa.

Cikin gwanayen wannan wasa akwai Viktor Petrenko, wanda aka haifa a birnin Odesa na Yukren a 1969, lokacin ƙasar tana cikin Tarayyar Sobiyet. Tun yana yaro ya shiga hannun wata mai horarwa, Galina Zmievskaya, kuma bai rabu da ita ba har ya bar gasa. Yana ɗan shekara 14 ya lashe gasar matasa ta duniya. Ya yi suna a wani tsalle da ake kira Axel mai juyi uku. Wahalarsa ita ce ɗan wasa yana tashi ne fuskarsa na kallon gaba, ya dira da baya, don haka sai ya juya sau uku da rabi kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

A 1988 ya je gasar Olamfik ta hunturu a Calgary da ke Kanada, yana ɗan shekara 18, wato sa'an 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Ya zo na uku a bayan Brian Boitano na Amurka da Brian Orser na Kanada. Tutar Sobiyet aka ɗaga masa. Bayan nan ya ci kambun Turai a 1990 da 1991, amma a gasar duniya sau biyu Kurt Browning na Kanada yana barin sa a matsayi na biyu.

A Disamban 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje, saura wata biyu a fara Olamfik na Albertville a Faransa. Sai 'yan wasan wasu daga cikin tsofaffin jamhuriyoyinta suka tafi a matsayin haɗaɗɗiyar tawaga. Petrenko ya yi kurakurai a zagayen ƙarshe, amma duk da haka ya ci zinare. Da ya hau dandamali, tutar Olamfik aka ɗaga, taken Olamfik aka buga. Wata guda bayan haka ya lashe gasar duniya a Oakland da ke Amurka, sannan ya koma wasannin nishaɗi na kuɗi.

Da aka sassauta doka aka bar irinsu su dawo gasa, sai ya dawo domin ya wakilci Yukren mai 'yanci. Ya sake cin kambun Turai a 1994, kuma shi ya riƙe tutar ƙasarsa a bikin buɗe Olamfik na Lillehammer a Norwe. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ya yi tuntuɓe a zagayen farko ya faɗo na tara. Bai karaya ba, ya yi ƙoƙari a zagaye na biyu ya ƙare na huɗu. Ya koma gida babu lamba.

Amma Yukren ta samu zinare a wannan gasa, kuma da hannunsa a ciki. Akwai wata yarinya, Oksana Baiul, da mahaifiyarta ta rasu tana shekara 13. Petrenko ya ƙarfafa wa Zmievskaya gwiwa ta ɗauke ta, ta zauna a gidanta a Odesa, shi kuma ya riƙa taimakawa da kuɗin takalma da kayan wasa. A Lillehammer Oksana, tana shekara 16, ta doke Nancy Kerrigan ta Amurka. Wannan ne zinaren Olamfik na farko da Yukren ta ci da sunanta.

'Yan uwa ɗalibai, mu ba mu da filin ƙanƙara, amma muna da yara masu takalmi mai taya, wasunsu har suna kama bayan Keke Napep a kan titi. Basirar tana nan, wurin atisaye da mai koyarwa ne babu, kuma hanyar Kaduna zuwa Abuja da ta ratsa ta wajenmu ba wurin gwada bajinta ba ce. Kada mu ce wasan sanyi ya fi ƙarfinmu: a 2018 Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo sun kai tutar Nijeriya Olamfik na hunturu a Koriya ta Kudu, karo na farko a tarihi.

Mu roƙi malaman wasanni su ware mana fili mai siminti a makaranta, da hular kwano da abin kare gwiwa. Wanda ya iya kuma ya ja ƙaninsa, ko da aron takalmi ne. Petrenko ya yi haka, kuma ƙasarsa ta ga amfaninsa.