Wuri da Halittar da Ke Cikinsa

Galibin waɗanda suka taɓa riƙe wuri, ko a jikin laya, ko a adon ƙwarya, ko a faifan mai duba, ba su cika tunanin cewa wannan ɗan farin abu gida ne na wata halitta mai rai ba, dangin dodon koɗi, wadda Allah cikin hikimarSa Ya ajiye a ruwan gishiri mai ɗumi, tun daga Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Gabas har tsibiran tekun Fasifik. Malamin ilmin halittu Linnaeus ya shigar da ita littafinsa a 1758, kuma a yau masana suna kiranta Monetaria moneta.

Tsawon ɓawon bai cika wuce santimita 3 ba. Bayansa a tashe yake, da 'yan ƙulu-ƙulu a gefe, launinsa tsakanin fari da rawaya. Cikinsa kuwa shafaffe ne, da tsaga siririya daga kai zuwa gindi, wadda ƙananan haƙora suka jeru a leɓɓanta biyu. Abin mamaki shi ne, tana ƙarama ɓawonta murɗaɗɗe ne kamar katantanwa, marar kauri, sai ta balaga sannan leɓen ya naɗe ciki, ya yi kauri, haƙoran su fito. Amma sheƙin nan da yake ɗaukar ido, wanda jahili zai zaci gugar hannun mutane ce, asalinsa wata fata ce mai laushi da dabbar take fitarwa ta lulluɓe ɓawon da ita daga waje, tana ƙara masa rufi bisa rufi, ta kuma hana datti zama a kansa.

Mazauninta ruwa ne marar zurfi, inda teku take cika tana janyewa, a ƙarƙashin duwatsu da gutsattsarin murjani, ko cikin ciyawar ruwa. Da rana takan ɓuya, da dare ta fito kiwon gansakuka. Macen kuma, idan ta zuba ƙwai, sai ta zauna a kansu tana tsaro har su ƙyanƙyashe.

A tsibiran Maldib, inda matafiyi Ibn Battuta ya yi alƙalanci wajen shekarar 1343, a da akan jefa reshen kwakwa a ruwa, halittun su hau su manne, a jawo, a shanya a yashi har naman ya ruɓe, ɓawon ya saura. Daga can fatauci ya yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har kasuwar Kurmi ta Kano, ana amfani da shi a matsayin kuɗi, domin abu ne mai wuyar fashewa, mai wuyar jabu, kuma kusan girmansa ɗaya. Sa'ad da matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne canjin dala ɗaya, keso guda kuwa wuri 20,000 yake ɗauka. Bayan haka tajiran Jamus suka riƙa loda ɗan uwansa mai zoben rawaya a baya daga Zanzibar zuwa Ikko, har ya yi yawan da darajarsa ta faɗi, ɗaukarsa ya fi sayayyar da za a yi da shi wahala.