Kafin Ka Kwashi Iyali Zuwa Jin Tambura A Birnin Zazzau

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, za ka ji magidanta a Kaduna da Kano da Funtuwa da Abuja suna shawarar kai iyali Zariya na kwana biyu ko uku, yara su ga hawa, manya su ji kiɗan fada, a gaisa da dangi a dawo. Samari ma kan haɗa kuɗin mai su cika mota. Niyya ce mai kyau. Yaron da ya tashi bai san wani kiɗa ba sai wanda ke fitowa daga wayar yayansa, ya kamata ko sau ɗaya ya tsaya inda ake buga tambari har ya ji ƙirjinsa na amsawa. Sai dai da yawa kan tafi da ka, ba tambaya ba shiri, su dawo da labarin wayar da aka zare ko yaron da doki ya take. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Me ake zuwa ji?

Da farko baƙo ya sani Zariya kashi-kashi ce. Akwai Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, akwai Sabon Gari, akwai Tudun Wada, sannan akwai birni, wato cikin ganuwa, inda ake shiga ta ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona. Kiɗan da muke magana a kai yana cikin birni, a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Malam Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau gadon sarauta a watan Oktoba na 2020, bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris da ya yi shekara 45 yana mulki.

Kayan kiɗan fada kowanne da matsayinsa. Tambari shi ne babba, ba a buga wa kowa shi sai sarki. Kakaki, doguwar busar ƙarfen nan da ta fi tsawon mutum, ita ke shelar cewa sarki ya fito. Ga farai da ƙaho da kuge, ga algaita wadda mai busa ta ke cika kumatu da iska ya yi ta busa ba yankewa, yana jan numfashi ta hanci. Ga makaɗan kotso da na taushi, ga maroƙan baki masu kirari. Abin da baƙo bai cika ganewa ba shi ne waɗannan kaya magana suke yi. Sarki da takensa, kowane hakimi da nasa, kuma Bazazzagin da ya tashi a ƙofar fada yana daga zauren gidansu zai gaya maka wane ne ke tafe tun bai ga rawaninsa ba. Saboda haka idan ka sami dattijo ɗan gari ya tsaya kusa da ku yana fassara wa yara, ka riƙe shi da kyau, rabin ribar tafiyar a bakinsa take.

Masana sun daɗe da gane darajar wannan kiɗa. Wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a Zariya a shekarun 1960 yana nazarin makaɗa da maroƙa, kuma a 1971 shi da Anthony King suka fitar da littafin da ya tattara kalmomin kiɗan Hausa. Abin da wasu suka haye teku don su ji, mu kuɗin mota kawai ya raba mu da shi.

A san lokaci

Kiɗan fada ba ya jiran baƙo, yana da ranakunsa. Mafi girma shi ne na Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah: ranar idi sarki ya dawo daga masallacin idi zuwa fada da rakiyar hakimai, sannan Hawan Bariki da Hawan Daushe su biyo baya. A al'ada kuma akan yi kiɗa da busa a ƙofar fada ranar Alhamis da dare, wato daren Juma'a, kuma wannan ya fi sauƙi ga mai ƙananan yara domin babu dawakai, babu turmutsitsi. Amma kada ka ɗauki hanya sai ka tabbatar. Akan soke hawa saboda rashin tsaro ko rasuwa ko annoba, kamar yadda aka yi a 2020 lokacin korona. Ka saurari sanarwar masarauta a rediyo, ko ka bugo wa ɗan gari. Idan ba gidan dangi za ku sauka ba, ka kama masauki tun da wuri, ka kuma sani galibin masaukan baƙi a wajen ganuwa suke.

Hanya

Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne, daga Kano kuwa kusan 150. Kusancin nan ne ke ruɗin mutane su ce bari a gama kallo a kama hanya bayan Isha'i. Kada ka yi. Ka fita da safe, ka dawo da rana tsaka, domin gajiyar direba da gudun masu ɗokin Sallah da miyagun da ke tare hanya duk dare suka fi so. A duba taya da birki da ruwan mota tun ana gobe tafiya. Motar mutum biyar kada a ɗura mata tara don wai yara ne. A ajiye lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, 122, a wayar kowane babba. Idan kun isa, ku bar motar nesa da fada ku ƙarasa da ƙafa ko a Keke Napep, domin lungunan birni ƙanana ne, ranar hawa kuwa na dawakai ne.

A filin hawa

Nan ne ake yawan yin kuka, kuma ni ma na ɗanɗana. Wata Babbar Sallah na je da ɗan ƙanwata mai shekara shida. Muna tsaye a ƙofar fada, hannunsa cikin nawa, ɗaya hannun na ɗaga waya ina ɗaukar masu kakaki. Sai 'yan bindiga suka saki wuta gaba ɗaya, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, wani doki ya zabura, jama'a suka yo baya kamar ambaliya. Kafin in farga hannuna wayam. Na fi awa ina kutsawa ina kiran sunansa, ganguna sun hana ni jin ko muryar kaina. Daga ƙarshe na same shi a wani zaure, zaune kusa da wata tsohuwa mai sayar da zoɓo, ta ba shi ƙulli ɗaya yana tsotsa, hawaye sun bushe masa a kumatu.

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai yaron?"

Na ce, "Ni ne, Iya. Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Na tambaye shi sunan ubansa ya ce Abba. Na ce ina ne unguwarku, ya ce gidanmu. Da ban riƙe shi ba, da yanzu ina za ka nufa?"

Ban sami abin cewa ba. Tun daga ranar, duk yaron da zan fita da shi taro sai na rubuta sunansa da lambar wayata a takarda na sa masa a aljihu, na kuma nuna wa kowa wurin da za a haɗu idan an rabu. Kowane babba a ba shi yaron da zai riƙe, kada a ce kowa na lura, domin abin kowa ba na kowa ba ne.

Kada a tsaya a bakin hanyar dawakai, musamman lokacin jafi, sa'ad da mahaya ke sukuwa su zo su ja linzami a gaban sarki. Idan dogari ya ce a ja baya, a ja ba musu. Jariri da mai juna biyu da tsoho mai hawan jini ko mai asma, a nisanta su daga 'yan bindiga. Waya da kuɗi su zauna a aljihun ciki, don 'yan sane ma Sallarsu suke yi, kuma mata su rage gwal. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan, domin ranar taro layin waya kan cushe, tura kuɗi ya gagara. A 'yan shekarun nan Sallah na faɗowa ne a bazara da farkon damina, don haka a tafi da ruwan sha mai tsabta da hula ko lema, a kuma duba abin da yara ke saya a bakin hanya. Idan aka ga gungun samari da makamai ko alamar maye, a canza wuri tun kafin rigima ta tashi.

Haka nan kada a bar yara su hau katanga ko ragowar ganuwa don hango sarki. Ginin ƙasa ne, ya sha ruwan shekaru. Babban Masallacin Juma'a na birnin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, wani sashensa ya rufta ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Idan ginin da ake kula da shi ya yi haka, ina ga tsohuwar katangar da mutum ashirin suka ɗare?

Ladabin baƙo

Birnin Zazzau garin malamai ne, unguwanni cike da makarantun allo da zaurukan karatu. A yi shiga ta mutunci, maza da mata. Kada a shigo lungu da mota ana sakin kiɗa kamar gidan biki. A yi sallama, a gaida dattawa, a cire takalmi inda ake cirewa. Kada a ɗauki hoton matan aure ko cikin gidan mutane sai da izini, kada kuma yaro ya kai hannu kan tambari ko kakaki don wasa.

Makaɗi da maroƙi kuwa sana'arsu ke nan, da ita suke ci da iyali. Idan ka tsaya ka ji daɗi, ko ka ɗauke su a waya, ka yi musu alheri gwargwadon hali. Amma ka miƙa a hannu. Liƙi da watsa kuɗi da tattaka su laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu, kuma an ɗaure mutane a kansa. Ban da haka, kuɗin da aka watsa a taro shi ke jawo yara su ruga ƙarƙashin ƙafar doki.

Jama'a, a kai yara Zariya su ji tambura, su ga abin da kakanninsu suka bari. Amma a tambaya kafin a tashi, a yi tafiyar rana, a riƙe hannun yaro, a girmama masu gari. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.